Hawan Ƙuru a Tsaunukan Lesotho: Sharhi kan Hidimar Masaukin Malealea

Masarautar Lesotho ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta kowace kusurwa, kuma ita kaɗai ce ƙasa mai 'yancin kanta a duniya wadda dukkan faɗinta yake sama da mita 1,000 daga matakin teku. Wuri mafi gangare a cikinta yana kan kimanin mita 1,400, ƙololuwarta kuwa, wato dutsen Thabana Ntlenyana, ta kai mita 3,482. Saboda haka akwai ƙauyuka da yawa a cikin tsaunukan Maloti waɗanda har yanzu mota ba ta kai musu, sai dai ƙafa ko jaki ko doki, kuma a bayan waɗannan dabbobi ake haurawa da garin masara da kananzir, a kansu kuma ake sauko da marar lafiya zuwa asibiti. Wannan sharhi ya shafi hidimar da masaukin baƙi na Malealea yake shiryawa tare da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi, wato a ɗora baƙo a kan ƙuru, gajeren dokin nan na al'ummar Basotho, a ratsa tsaunuka da shi har ya kwana a ƙauye. A ganina hidimar ta ci kuɗinta har da ƙari, amma ga mutumin da ya yarda cewa arharta da gajiyar jikinsa zai biya, kuma ya zaɓi tafiyar da ake kwana a hanya maimakon ɗan zagayen sa'o'i kaɗan.

Malealea yana cikin gundumar Mafeteng, kimanin kilomita 80 kudu da Maseru, babban birnin ƙasar. Mai neman sauƙi yakan shiga ƙaramar bas daga tashar Maseru zuwa mararrabar Motsekuoa, daga nan ya canja wata mai nufar ɓangaren Matelile da Malealea. Motocin ba sa tashi sai sun cika, don haka wanda bai yi sammako ba dare zai iya riskarsa a mararraba, kuma da zarar rana ta faɗi a ƙasar nan sanyi ba ya jinkiri. Hanyar kwalta ce har zuwa kimanin kilomita bakwai na ƙarshe, inda burji ya karɓa, ana haurawa a hankali zuwa wata mashigar dutse mai tsayin kusan mita 2,000 wadda allunan hanya suke kira Gates of Paradise. A nan ne kwarin Malealea yake buɗewa gaba ɗaya a ƙarƙashin mai kallo, gonakin masara da dawa hawa-hawa a jikin gangare, ƙauyuka a maƙale a gindin duwatsu, tsaunuka kuma jere bayan jere har inda ido ya gaza. Akwai wani allo a jikin dutsen wanda yake kiran matafiyi da ya dakata ya dubi ɗaya daga ƙofofin aljanna. Mervyn Bosworth-Smith ne ya sa aka kafa shi, Baturen da ya buɗe kantin ciniki a Malealea a 1905.

Wannan tsohon kanti shi ne asalin masaukin. Wani iyali ya karɓe shi a 1986, sannu a hankali ya koma wurin saukar baƙi, kuma tsarin kwanansa ne ya sa ya dace da mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ya zo da tantinsa zai biya kuɗin fili kawai. Sama da wannan akwai ƙananan ɗakuna na masu jakar goyo inda ake tarayya a banɗaki da wurin wanka, sannan akwai zagayayyun ɗakuna na dutse masu rufin ciyawa da banɗaki a ciki ga wanda aljihunsa ya fi nauyi. Akwai ɗakin cin abinci, amma ba a tilasta wa kowa ya ci a can, domin an tanadi kicin na haɗaka inda baƙo zai dafa abin da ya zo da shi, kuma a nan ne mai lissafi yake rage kashe kuɗi sosai. Da yamma mawaƙan ƙauyen sukan zo su rera waƙoƙin Sesotho, wasu samari kuma su biyo baya da kayan kiɗan da suka ƙera da gwangwanin mai da waya da robar taya, baƙi su ba da abin da ya sauƙaƙa. Kuɗin ƙasar shi ne loti, darajarsa ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand a ko'ina. Ya kamata mutum ya riƙe tsabar kuɗi, musamman ƙananan canji, tun daga Maseru, domin a ƙauyukan tsauni babu abin da ke aiki sai ita.

Abin da ya fi jan hankalina a hidimar nan shi ne dawakin ba na masaukin ba ne. Mallakar manoman kwarin ne, waɗanda suka haɗu a ƙungiyar masu dawaki, kuma karɓa-karɓa suke yi domin kowa ya samu rabonsa. Masaukin yana karɓar buƙatar baƙo, yana tsara hanya da rana, amma dokin da za a hau, jiya ma yana ɗauke da mai shi zuwa kasuwa, jagoran ɗan ƙauyen ne, ɗakin da za a kwana a ciki kuma na wani magidanci ne a can cikin tsauni. Kuɗin hawa yana isa hannun mai doki da jagora, kuɗin kwana yana isa hannun mai ɗaki. A ƙasar da shekaru da yawa gidaje suka dogara da abin da mazajensu ke aikowa daga mahaƙan ma'adinai na Afirka ta Kudu, kuma wannan aiki ya ragu ƙwarai, samun kuɗin shiga daga dabbar da mutum ya riga ya mallaka ba ƙaramin abu ba ne. Wannan tsari ne kuma ya sa farashin ya yi sauƙi, tunda babu barga mai tsada da za a ciyar, babu kuma ma'aikatan da aka ɗauko daga birni. Ana lissafin kuɗin ne bisa yawan kwanaki da yawan mutanen da ke cikin ayarin, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon raguwar abin da kowa zai biya, don haka mai tafiya shi kaɗai zai amfana idan ya nemi abokan hanya a cikin sauran baƙi.

Shi kansa ƙurun yana da tarihin da ya bayyana halinsa. Kakanninsa dawaki ne da 'yan Holan suka kawo yankin Kef, a kudancin Afirka ta Kudu, daga tsibirin Java a shekarun 1650, daga baya aka cuɗanya su da wasu jinsuna. A wajajen 1830 ne suka fara shiga hannun Basotho, a zamanin Sarki Moshoeshoe na Ɗaya, wanda ya tara al'ummar a kan dutsen Thaba-Bosiu tun 1824, kuma cikin 'yan shekaru mutanensa suka zama mahaya na gaske, har suka tari sojojin Birtaniya a kan dawaki a yaƙin Berea na 1852. Sanyi da ƙarancin ciyawa da hawa da sauka suka tace jinsin, ya fito gajere, tsayinsa a kafaɗa yawanci bai wuce kimanin santimita 147 ba, mai kaurin ƙashi da taurin kofato da juriyar yunwa. A lokacin yaƙin da aka yi tsakanin Birtaniya da Buwa, wato Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, daga 1899 zuwa 1902 an sayi dubbai daga cikin mafi kyawunsu aka kai fagen fama, abin da ya raunana jinsin na tsawon lokaci, sai a shekarun 1970 aka yi yunƙurin farfaɗo da shi da taimakon ƙasar Ailan.

Bahaushen da ya saba da dokin hawan salla, ingarma mai tsayi da jalala da taƙama, zai iya raina ƙuru a kallon farko, kuma zai ga sirdin ba ya rungumar mahayi kamar yadda namu mai tudu gaba da baya yake yi. Rainin ba ya wuce sa'ar farko. Ba a daɗe da barin masaukin ba hanya take gangarawa cikin kwazazzabon kogin Makhaleng, a kan wata siririyar turba mai lanƙwasa wadda duwatsu masu santsi da tsakuwa mai zamewa suka cika, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. A nan ne na ga abin da ake biyan kuɗi dominsa. Dokin yakan sunkuyar da kai ya dubi ƙasa, ya ɗan tsaya, ya gwada wuri da kofato kafin ya ɗora nauyinsa, wani lokaci ya tattara ƙafafun baya ya zame kaɗan da gangan, sannan ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Umarnin jagora ɗaya ne, kuma shi ne dukkan ilimin da ake buƙata: a saki linzami, a jingina baya idan ana gangara, a karkata gaba idan ana haurawa, a bar dabbar ta zaɓi inda za ta taka. Wanda bai taɓa hawa ba yakan fi saurin bin wannan umarni, saboda ba shi da abin da zai ƙwace wa dokin. Gwanin hawa ne yake shan wahala, domin hannunsa ya saba da jan linzami, kuma ja a bakin rami yana hana dokin ganin gabansa. Inda gangaren ya tsananta babu laifi mutum ya sauka ya bi da ƙafa, jagorori ma da kansu sukan ce a yi haka domin a sauƙaƙa wa dabba. A wurare masu shimfiɗa kuma wasu daga cikin dawakin suna da wata tafiya mai sauri marar jijjiga, tsakanin tafiya da sassarfa, wadda Basotho suke ji da ita domin tana cin nisa ba tare da ta karya bayan mahayi ba.

Akwai gajerun fita na sa'o'i kaɗan ko na yini ɗaya, zuwa mafaɗar ruwa ta Botsoela, ko kwazazzabon Pitseng, ko kogwannin dutse inda mutanen San, mafarautan da suka fara zama a yankin, suka bar zane-zanen namun daji da mafarauta a jikin bango tun kafin zuwan Basotho. Waɗannan suna da kyau ga mai iyali ko mai ƙarancin lokaci, zanen San ɗin kuma ya cancanci a je a gani. Sai dai duk suna cikin kewayen da baƙi suka saba zuwa, kuma mutum yana komawa gadonsa da ruwan zafi kafin magariba. Ainihin hidimar tana cikin doguwar tafiya. Mafi gajarta ita ce ta kwana ɗaya a ƙauyen Ribaneng, inda ake shafe kimanin sa'o'i shida zuwa bakwai a kan sirdi kowace rana. Ta kwana huɗu tana kaiwa har mafaɗar ruwa ta Ketane mai tsayin mita 122, wadda ba kowane baƙon Lesotho yake ganinta ba saboda nisanta da hanyar mota, ta kwana shida kuma tana dangana da Semonkong. Shawarata ga wanda bai saba da sirdi ba ita ce ya tsaya a kan Ribaneng, domin ciwon cinya da gwiwa da ƙugu na rana ta biyu gaskiya ne, kuma babu motar da za ta zo ta ɗauki wanda ya gaji a tsakiyar hanya. Wanda jikinsa ya saba, Ketane ce ta fi biyan bukata.

Kwanan ƙauye shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya auna kansa da gaskiya. Ɗakin zagayayye ne, bangon dutse, rufin ciyawa, daɓen ƙasa da aka shafe da kashin shanu kamar yadda al'adar wurin take, kuma yana da tsabta da ɗumi fiye da yadda bayanin zai nuna. A ciki akwai katifu a ƙasa, da murhun gas, da tukwane da kwanuka, da bokitin ruwa da aka ɗebo daga idon ruwa. Babu lantarki, babu wurin wanka, bayan gida kuma masai ne a can gefe. Abinci da jakar barci da tocila baƙo ne yake zuwa da su, a ɗaura su a bayan dokin kaya da ke bin ayarin, don haka duk abin da mutum ya manta a Maseru ya manta shi ke nan. Abin da ake samu a madadin jin daɗin da aka rasa shi ne ganin rayuwar tsauni yadda take. Da la'asar sakaliya makiyaya, yawancinsu yara da matasa lulluɓe da toka-tokan barguna da takalman roba, suke gangaro da tumaki da awaki masu dogon gashi, waɗanda ulu da gashinsu suke cikin manyan abubuwan da ƙasar ke sayarwa a waje. Hayaƙin busasshen kashin shanu yana tashi daga kowane gida, domin itace ya yi ƙaranci a tsaunukan, mata suna tuƙa tuwon masara da suke kira papa, dattawa kuma suna zaune a jikin bango cikin bargunansu masu zane, waɗanda a wurin Basotho sutura ce ta mutunci da ake sawa har a taron sarauta. Babu wanda ya shirya wannan domin baƙo, kuma ana ganin haka a fuskokin mutane, wasu su yi fara'a, wasu su ci gaba da aikinsu ba tare da sun ɗaga kai ba.

Jagoran da ya raka mu mutum ne mai ƙarancin magana, Turancinsa daidai bukata, amma ya san kowace mararraba da kowane mashigin kogi, ya san gidan da za a gaisa da hakimi kafin a sauke kaya, kuma kafin ya nemi abin da zai ci sai ya kwance sirada ya kai dawaki kiwo. Wanda yake son dogon bayani kan tarihi da tsirrai zai fi samunsa a wurin jagororin yawon ƙafa na cikin ƙauyen Malealea. Aikin jagoran doki shi ne ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, kuma ya kamata a yi masa ihsani a ƙarshe ban da kuɗin da aka biya. Basotho mutane ne masu riƙo da gaisuwa, ana kiran namiji babba ntate, mace babba 'm'e, kuma wuce mutum a hanya ba tare da an ce masa khotso, wato salama, ba rashin ladabi ne. Yara za su roƙi alawa ko kuɗi a kan hanya. Masu masaukin suna roƙon kada a ba su, kuma ina goyon bayansu a kan haka, domin akwai asusun raya al'umma na Malealea da ke tallafa wa makarantu da marayu, wanda ta nan taimako ya fi isa inda ya dace. Haka kuma ba a ɗaukar hoton mutum sai an nemi izininsa.

Musulmi yana da nasa tanadin da zai yi, domin mafi yawan Basotho Kirista ne, Musulmi kaɗan ne kuma sun fi yawa a Maseru da Butha-Buthe a arewa. Naman da ake samu a ƙauye ba a tabbatar da yankansa ba, ana kuma cin alade a ƙasar, don haka mafi kwanciyar hankali shi ne a sayi shinkafa da taliya da wake da kifin gwangwani da ƙwai da ganyen shayi a manyan kantunan Maseru, a dafa da kai. Papa da ganyen da suke kira moroho babu matsala a cikinsu idan an tambayi irin man da aka yi amfani da shi. Akwai kunun dawa mai tsami da ake kira motoho, akwai kuma giyar gargajiya da ake kira joala, kuma farar tuta da aka ɗaga a kan sanda a ƙofar gida alama ce ta cewa ana sayar da giyar a nan, saboda haka a tambaya kafin a karɓi ƙwarya. Alƙibla daga Lesotho tana arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas, abin da yakan rikita wanda ya saba fuskantar gabas, kuma tunda waya tana iya mutuwa ko ta rasa sabis a cikin kwari, ƙaramin kamfas na hannu yana da amfani. Ruwan alwala da asuba yana da sanyin da ke sa yatsu su ƙage, sai a ɗumama kaɗan a murhun gas. Da na gaya wa jagora tun da safe cewa zan buƙaci tsayawa domin salla, shi da kansa ya riƙa zaɓar wuri mai shimfiɗa kusa da ruwa. Mace mai son hawa za ta fi sakewa da wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga, da mayafin da iska ba za ta fizge ba.

Lokacin zuwa yana iya gyara tafiyar ko ya ɓata ta. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da muke tsakiyar damina, su suna tsakiyar hunturu: sama garau, rana mai daɗi, amma dare yana sauka ƙasa da sifili kuma dusar ƙanƙara tana iya rufe manyan mashigai. Daga Oktoba zuwa Afrilu ruwa ake yi, tsaunuka su yi kore shar, sai dai hadari yakan taso da rana tsaka ba tare da sanarwa ba, koguna su cika har a jira su janye kafin a haye, tsawa kuma a kan tudun da babu bishiya haɗari ce ta gaske wadda take kashe mutane da dabbobi. Idan jagora ya ce a sauka daga kan tudu ko a tsaya a wani ƙauye, ba a jayayya da shi. Na fi son watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, sanyi bai kankama ba, dawaki kuma suna da ƙiba bayan ciyawar damina. Ko a wane wata ne, a tafi da rigar ruwa da rigar sanyi mai kauri da hula mai faɗi, domin a irin wannan tsayi rana tana ƙuna ko da iska tana da sanyi.

Akwai wani nauyi da ke kan baƙo wanda ban ga ya kamata a yi shiru a kansa ba, wato lafiyar dabbar da ke ɗauke da shi. Dawakin tsaunukan Lesotho dawakin aiki ne na talakawa, ciyawar daji ce abincinsu, kuma a ƙarshen hunturu, wajen Agusta da Satumba, da yawa sukan rame. An sa iyakar nauyin mahayi a kimanin kilo 90, kuma wannan doka ce da ta dace a girmama, wanda ya haura haka ya zaɓi yawon ƙafa da dokin kaya, wanda shi ma ana shirya shi a kan hanyoyin nan. Kafin a ɗaura sirdi yana da kyau mahayi ya dubi bayan dokin da inda majayi yake bi, idan ya ga gyambo ko ɗingishi ya faɗa cikin ladabi a canja masa wani, kuma ya rage kayansa iyakar iyawa. Mai doki yana kula da abin da baƙi suke kula da shi, kuma idan ya ga dabbar da aka kiwata da kyau ita ake nema, zai ƙara ƙoƙari a kanta.

Ta fuskar lafiya, Lesotho ba ta da zazzaɓin cizon sauro, amma ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tacewa. A nemi hular kwano kafin a hau, a kuma yi inshorar tafiya wadda ta ambaci hawan doki a fili, domin wanda ya karye a Ketane sai an yi doguwar tafiya da shi kafin a kai hanyar mota, babban asibiti kuma sai Maseru ko Bloemfontein a Afirka ta Kudu.

Dole kuma a faɗi inda arhar ta tsaya. A cikin Lesotho kwana da abinci da doki duk masu sauƙi ne idan aka gwada da kuɗin da ake kashewa a manyan gandun namun daji na yankin. Mai tasowa daga Kano ko Yamai ko Kumasi kuwa, babban kashinsa yana cikin tikitin jirgi zuwa Johannesburg da takardun shiga. Daga Johannesburg akwai ƙaramin jirgi zuwa filin jirgin sama na Moshoeshoe na Ɗaya, amma mai tattali mota zai bi, tafiyar fiye da kilomita 400 zuwa gadar Maseru da ke kan iyakar ƙasashen biyu. Wanda ya shiga ta ƙasa ya tuna cewa ya fita daga Afirka ta Kudu ke nan, kuma ba shi da wata hanyar komawa gida sai ta cikinta, don haka bizarsa ta Afirka ta Kudu ta zama mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, ban da izinin shiga Lesotho kanta, da katin rigakafin cutar shawara da ake nema daga masu zuwa daga ƙasashenmu. Saboda wannan ne nake ganin tafiyar ta fi dacewa da ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatanmu da suke zaune a Afirka ta Kudu, ko wanda wani aiki ya riga ya kai shi can yana da 'yan kwanaki a hannu.

Malealea ba shi kaɗai yake wannan hidima ba. A Semonkong ma, inda kwalta take kaiwa daga Maseru ta garin Roma, akwai masauki mai shirya hawan ƙuru da mutanen gari, kuma can ne mafaɗar ruwa ta Maletsunyane take, mai faɗowa mita 192 a tsaye ba tare da ta taɓa dutse ba, inda masu ƙarfin zuciya suke sauka da igiya tsawon mita 204 a gefenta. Semonkong ya fi tsayi da sanyi, gari ne da ake ganin dawaki ɗaure a ƙofar kantuna, kuma ana yin sukuwa a can a lokacin hunturu, musamman a kusa da 17 ga Yuli, ranar haihuwar Sarki Letsie na Uku. Wanda abin da ya kawo shi shi ne mafaɗar ruwa da sukuwa, ya nufi can kai tsaye. Wanda yake son a fara da shi a hankali, daga kwari mai ɗan ɗumi zuwa tsauni, da zaɓin hanyoyi masu yawa da wurin kwana na kowane aljihu, Malealea ya fi masa. Ko wanne aka zaɓa, doguwar tafiya tana buƙatar a sanar da masaukin tun kafin a iso, domin dawakin suna hannun masu su a ƙauyuka daban-daban, wasu suna wurin kiwo mai nisa, kuma sai an aika an tattaro su an kuma sanar da masu ɗakunan da ke kan hanya kafin ayari ya tashi.